Ban Gajiyar Gezawa

"Ke Hure, don Allah ki nemi wuri ki zauna! Kin share tsakar gidan nan har kin kusa tono ruwa," in ji Inna, tana tankaɗen gari a ƙofar ɗaki.

Hure ta jingine tsintsiyar ta zauna, amma kafin Inna ta juya har ta sake miƙewa. Haka take tun ranar da ta fita takaba. Mijinta Kallamu ya rasu da damina, maciji ya sare shi a gonar gyaɗa, a nan ƙauyensu da ke gefen Ɗanbatta, Allah bai ba su haihuwa ba. Ta dawo gidan uwarta, amma gidan ya ƙi ɗaukarta. In an ce mata yaya haƙuri sai ta ce Alhamdulillahi, ita kanta kuwa ta san iyakarta leɓe.

Ta yi yawon ban gajiya kamar yadda aka saba, gida-gida tana gode wa waɗanda suka zo gaisuwa. Gida ɗaya ya rage, shi ne ya hana ta sakat: gidan surukarta Ya Amsa, can Gezawa.

"Inna, ni fa gobe zan je Gezawa."

Yayanta Mati, da shigowarsa ke nan daga gona, ya yi jifa da fartanya. "Gezawa? Wajen matar da ta tsaya gaban mutane ranar sadakar uku ta ce da ɗanta yana gabanta da bai mutu ba? Wallahi ba da ƙafata ba!"

Gaskiya ne, ta faɗa. Ya Amsa 'yar asalin Barno ce, iyayenta suka zauna a Gezawa tun da daɗewa, mace mai zafin rai. Ta so Kallamu ya zauna kusa da ita ya riƙe shagon ubansa, shi kuwa ya biyo Hure ƙauye ya kama noma, don ta ce ba za ta iya nisa da Inna mai ciwon ƙafa ba. Tun daga nan Ya Amsa ba ta tako gidansu ba sai ranar mutuwa. Hure ma, da yake ba baya ba ce wajen zuciya, ta ɗauke ƙafa. Kallamu ne kaɗai yake kai da komowa a tsakaninsu.

"Yaya, na ji maganar, har yau tana min zafi," Hure ta ce. "Amma duk zuwan da marigayi ya yi Gezawa, sai ya dawo min da turaren wuta ya ce Ya ta ce a ba ni. Ban taɓa buɗe baki na gode mata ba. Ranar da na fita takaba na ɗebi kaɗan cikin sauran na zuba a kasko, tun daga nan ban sake samun barcin kirki ba. Ai ko ba komai, yaba kyauta tukuici."

"To ki je ke kaɗai mu gani! Ke da ko kasuwar Ɗanbatta sai a bayan mashin ɗinsa? Gosulon Kano kaɗai ya ishe ki kuka."

"Mati, ya isa," Inna ta ce. "Zumunta a ƙafa take. Na ba ta izini, Allah ya tsare."

Ranar Hure ta wuni suyar ƙuli-ƙuli da sabuwar gyaɗar gonar Kallamu. Da safe ta turara mayafinta da ragowar turaren, ta ɗauki ƙunshinta ta fita.

A tashar Ɗanbatta kwandasta ya tare ta. "Kano, Kano! Hajiya, ku nawa ne?"

"Mu biyu—" Sai ta kama bakinta. Ta waiga gefenta, babu kowa. "Ni kaɗai ce."

Ta shiga ta takure a gefen taga, ta ja mayafi ta rufe fuska tana hawaye. Sau biyu tana niyyar cewa a sauke ta ta koma gida, tsoron dariyar Mati ya hana ta. Can da suka doshi gari ta ɗaga kai, sai ta ga ashe ta san hanyar sarai. Duk lokacin da Kallamu ya goyo ta zuwa birni sai ya yi ta lissafa mata: "Nan Dawanau, nan Bacirawa. In an sauka sai a nemi adaidaita zuwa 'Yankaba, a nan motar garinmu take. Ki riƙe fa, wata rana za ki zo ba ni." Ita kuwa ta kai masa duka a baya ta ce, "Bakinka ya sari ɗanyen kashi!" Yau ga shi maganarsa ce take ja mata gora, har ta sami kanta tana murmushi cikin hawaye.

Rana ta take ta isa Gezawa. Ta tarar da Ya Amsa zaune a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya, ta rame har lafayarta ta yi mata yawa. Hure ta durƙusa ta gaishe ta.

"Wa ya rako ki?" Ya Amsa ta tambaya, ba tare da ta dube ta ba.

"Ni kaɗai na zo, Ya. Ban gajiya na zo yi miki." Ta tura ƙunshin gabanta.

Tsohuwar ta kwance, ta ɗauki ƙuli ɗaya ta gutsura don kada a ce ta raina. Ta tauna, sai ta yamutsa fuska.

"Hannunki ya canja. Wanda kike aiko min da shi a da bai kai wannan barkono ba."

Hure ta ɗago kai. "Wanda nake aikowa? Ya, ai wannan ne na farko. Ni ce ma na zo in gode miki da turaren da kike aiko min. Ga ma ƙamshinsa a jikina."

Ya Amsa ta jawo gefen mayafin ta shinshina, ta sake shi da sauri. "Wannan? Ni Amsa in haɗa wannan? Ai turaren kasuwa ne, 'yar nan! Da na aika wa mutum wannan gara in aika masa hayaƙin murhu. Ni ban taɓa—"

Suka dubi juna, Hure ta dubi ƙulin, tsohuwar ta dubi mayafin.

"Ja'irin yaro!" Ya Amsa ta ce, dariya da kuka suka taho mata lokaci guda. "Wato a hanya yake saye! Ya zo ya durƙusa min a nan ya ce, 'Hure tana gaishe ki, ga saƙonta.' Ni kuwa in ci, in ce a raina yarinyar nan tana da kirki, girman kai ya hana ni faɗa."

"Ni ma haka yake ce min, Ya. Ya ce kin ce a gaishe da 'yarki."

Hure ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba tun ranar da aka fita da shi. Tsohuwar ta jawo ta jikinta.

"Ki yafe min maganar ranar nan. Ciwo ne ya yi magana, na san kwanansa ne ya ƙare. Mu biyu muka wahalar da yaron nan, bai taɓa kawo wa ɗayanmu ƙarar ɗaya ba."

"Na yafe, Ya. Ni ma ki yafe min."

Ya Amsa ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da kasko da wata kwalba. "Matso ki ji yadda turare yake. Wannan kam ni na ba ki, da hannuna."

Hayaƙin ya tashi ya lulluɓe su. Hure ta lumshe ido. Tun rasuwarsa abin da aka karɓe mata kawai take gani, sai yau ta ga abin da aka ba ta: miji mai haƙurin da ya yi shekaru yana ɗinke ɓarakar da ba shi ya yi ba, ya koya mata hanya, ya kuma bar mata uwa a ƙarshen hanyar.

"Alhamdulillahi," ta ce, wannan karon tun daga cikin ƙirjinta.

Haƙurin Kallamu bai faɗi ƙasa banza ba, ko da yake bai zauna ya ga ranar ba. Ku da naku suke raye, kada ku bari wani ya riƙa ɗaukar muku gaisuwa da godiya. Ku taka da ƙafarku ku faɗa da bakinku, tun mai ɗaukar yana nan.

Da la'asar Mati ya kira wayar Hure yana tambaya ko ta ɓata a hanya. Ya Amsa ce ta karɓa. "Ka gaya wa Innarku 'yata sai jibi. Ga ta nan, tun ɗazu ta yi barci a kan cinyata, kuma ba mai tashinta."