Aron Fadamar Baffa Tukur

A bakin kogi suka fara haɗuwa, can gaba da Kirikasamma, ranar da motar baƙi ta kafe a taɓo. Radiyya na dawowa daga mashaya ta tarar da wani saurayi ya naɗe wando yana turi, Turawa na gefe suna kallo. Dariya ta ƙwace mata.

"Dariya kika kawo ko taimako?" ya ce.

"Mu shanu muke korawa, Malam, ba mota ba."

Nu'uman ke nan, ɗan Haɗeja, tafintan baƙin. Gwamnatin jiha ce ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙasar waje: masu bincikensu su gwada irin shinkafa mai jure ambaliya, 'yan kasuwarsu su kafa injin casa. Shi ke juya magana a tsakani.

To, kun san so ba ya sallama. Kafin damina ta kankama ya raɗa mata suna Kirinjijiya, agwagwar ruwa mai fito, wai dariyarta sak ta agwagin tafkin Baturiya. Ita kuwa Malam Tafinta take ce masa.

Sai idon baƙin ya faɗa kan fadamar mahaifinta, Baffa Tukur, ta inda shanunsa ke bi su sha ruwa. Bature ya faɗi kalmarsa, Nu'uman ya lalubi mafi kusa a Hausa.

"Baffa, aro suke nema."

Aro kuwa a wurinmu sananne ne: ka noma, ka girbe, ka mayar wa mai wuri, shanu su shiga su ci ragowar.

"Tunda daga bakinka ya fito, ɗana, na bayar."

Allah sarki. Aka yi girbi, wayar shingen da baƙin suka kewaye fadamar da ita ba ta tashi ba. Ashe su shekaru suke nufi, masu yawa. Shanu suka koma zagaye ta wani kwari da ciyawar kachalla ta cinye, a nan taɓo ya riƙe farar saniyar da Radiyya ta gada wurin mahaifiyarta. Ta mutu, ko yanka ba a samu yi ba.

Shu'ibu, ɗan ƙanen Baffa, wanda ya daɗe yana son Radiyya, ya shiga faɗa wa kowa cewa da saninsa tafinta ya yi. Baffa ya aika Haɗeja gidan su Nu'uman: kada a kawo kayan gaisuwar neman aure.

Nu'uman ya rubuta mata: "Kirinjijiyata, wallahi kuskuren harshe ne. Ban san aronsu ba shi da kaka ba."

Sai da mako ya juyo ta amsa: "Malam Tafinta, saniyar Innata ba ta jin Turanci. Kada ka kira ni da sunan nan, dariyar ta tafi."

Ranar ko abinci bai ci ba. Washegari ya tsaya gaban shugaban masu binciken ya fassara masa aro yadda Baffa ya ji shi, ya ce ko a buɗe wa shanu hanya ko a nemi wani tafintan. Mutumin ya ba da haƙuri. Fadama dai ba za ta dawo ba, an riga an sa hannu, amma ya yarda a tsaga burtali ta gefe.

Da hannunsa Nu'uman ya kwance wayar, tana yankarsa. Baffa na tsaye, sanda a kafaɗa, har shanun suka wuce kaf. Radiyya ta matso ta miƙa wa Nu'uman gefen mayafinta ya ɗaure hannun.

Baffa ya huce, bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura auren. Babu kiɗa, amarya ma kukanta ya wuce na al'ada, don daga tsakar gidan ana hango wayar. Da aka shafa fatiha Baffa ya kama hannun ango, mai tabon nan.

"Tafinta, fassara wannan da kyau. Fadama na ba da aro, ba ta dawo ba. Wannan 'yar tawa ba aro ba ce. Amana ce."

Nu'uman ya sunkuyar da kai. "Baffa, wannan kalmar ba ta son tafinta."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya tsare mu da kalmar da ke fita a sauƙaƙe. Amin.