Marini da Shuɗɗan Kaji

A wani gari can da, an yi wani marini mai cika baki. Ran nan ya tsoma farar kazarsa da farin zakaransa a ramin rini, suka fito shuɗɗa. Ya shiga kasuwa yana cewa, "In 'yan tsakina ba su zo shuɗɗa ba, a aske mini gemu!"

Kaza ta ƙyanƙyashe. Na farko fari, na biyu fari, na ƙarshe ma fari fat.

Ya ce, "Rinin ne bai kama ba!"

Matarsa ta ce, "Maigida, tun kana saurayi hannunka shuɗi ne. Cikin 'ya'yanmu wa aka haifa da shuɗin hannu? Kunnuwan nan naka fato-fato dai, duk sun kwaso."

Ya shafa kunne, ya shafa gemu. Sai ga wanzami ya yi sallama.