Ƙofa ta Bakwai a Ɗakin Karatu na Boɗinga

Ya kai mai karatu mai daraja, ina gaishe ka gaisuwar da ta dace da matsayinka, ina kuma roƙonka, idan abinci kake ci, ka ture kwanon gefe ka wanke hannu kafin ka ci gaba. Ni ne Malam Hammadu Boɗinga, wanda ya yi Midil ta Sakkwato tun Turawa suna nan, ya wuce kwalejin malamai ta Katsina, ya riƙe alli shekara talatin da huɗu, goma sha tara daga cikinsu yana hedimasta. Ban zayyana wannan don alfahari ba, sai don ka san mai wannan alƙalami ba ya cikin masu ganin kututture da magariba su kwasa da gudu. Na koyar da lissafi, na koyar da labarin ƙasa, na san abin da ke cikin batir da abin da ba ya cikinsa. Abin da zan ba ka labarinsa na gan shi da idona, na taɓa shi da hannuna na dama, kuma saboda shi ne har yau nake cin tuwo da cokali.

A zamanin farar hula, lokacin da kuɗi ke yawo, na kafa Ɗakin Karatu a bakin gari, kan hanyar Shagari. Filin kyauta aka ba mu, don tsohuwar majema ce inda ake jiƙa fatu a ramuka, babu mai son gina gida a kai. Ni na rubuta dokokin ɗakin, guda ashirin da biyu, ni ne kuma shugaba. Da sojoji suka karɓi mulki aka shiga layin sabulu da madara, sai jaridu suka daina zuwa, ciniki ya mutu, magidanta suka rasa abin yi da rana. A nan ne Lawali mai gyaran rediyo ya zo ya durƙusa, ya roƙi in bar shi ya ajiye wata na'urar wasa da ya sayo a Ikko a ƙuryar ɗakin. Na amince, kuskuren da har yau nake istigfari a kansa.

Na'urar ba ta wuce akwatin takalmi ba. Ana haɗa ta da telebijin, su biyun suna shan wuta daga batirin mota. A cikin gilashin telebijin akwai wani ɗan mutum da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ana tuƙa shi da 'yar sanda mai maɓalli. An sake shi a wata ƙasa mai faɗi, da daji da hamada da gulbi, babu hanyar da aka shata masa, duk inda ya ga dama ya nufa. Aikinsa ya nemo mabuɗai ya buɗe ƙofofi bakwai. Aibin na'urar shi ne ba ta da tunawa. Da zarar wuta ta ɗauke, duk tafiyar da aka yi ta tafi. Don haka suka daina kashe ta. Batir biyu suka tanada, sai sun ɗaura sabon kafin su kwance tsohon. Kwana arba'in da ɗaya gilashin nan yana haske, dare da rana, har da lokacin da kowane mai hankali yake rufe ƙofa da tukunya saboda faɗuwar rana.

Wata Laraba da la'asar na iske su a gindin dogon yaro, sun shimfiɗa takardar siminti a ƙasa, sun zana taswirar ƙasar wasan da gawayi. Magidanta masu gemu, sun dunƙule kamar masu rabon gado, tofin goro ya kewaye su. Garba mahauci yana cewa lallai sai an koma daji an ɗauko fitila, don ƙofa ta bakwai cikin duhu take. Lawali yana cewa ɓata lokaci ne, a bi bakin gulbi a kewaye ta gabas.

"Kai Garba rufa muna baki," in ji Lawali. "Kai da kullum dodon gulbi shina haɗiye ka awa loma."

"To shi wanga da yaƙ ƙetare gulbin, shi gaya muna ta ina yab bi mana. Ko rowa ta?" in ji Garba.

Sodangi yake nufi, tela, mijin 'yata Rahamatu. Duk gardamar nan yana jingine da itace. Ya amsa a hankali cewa wallahi bai sani ba. Shi dai ya san yakan zauna gadin batir da yamma, sai ya farka ya ga an ci ƙofa. Suka yi masa dariya, suka ce malamin da ya ba shi laƙani ya hana shi faɗa. Na lura ya naɗe manyan yatsunsa biyu da tsumma. Na lura kuma Lawali bai yi dariya ba.

Na nuna wani jan ɗigo a gefen takardar da sandata, na tambayi ma'anarsa, don in nuna musu ko taswira ba su iya zanawa ba. Garba ya ce ai gargaɗi ne, jan maɓallin da ke jikin na'urar.

"Ranka shi daɗe, shi ka maida ɗan mutumen gida, inda anka fara. Duk wanda yat taɓa shi, sai na sa wuƙa na cire mai yatsa."

Na gaya musu ra'ayina game da su da wasansu cikin kalmomi zaɓaɓɓu, na wuce.

Kashegari Rahamatu ta zo gidana. Ta ce kwana tara ke nan mijinta bai taka keken ɗinki ba, don yatsunsa ba sa riƙe allura. In ta kai masa tuwo sai ya kau da kai. Rigarsa kuwa ta wanke ta sau uku da toka, warin bai fita ba, har ta daina shanya ta kusa da ta yara. Ba ta yi kuka ba. Ta ce dai, "Baba, ka amso mini shi."

Na sa hula, na ɗauki sanda, da niyyar in kamo shi mu yi magariba tare.

Rana ta yi ja a bayan gonakin gero. Shanu sun riga sun wuce, sai ƙurar sawunsu. Gindin dogon yaro babu kowa, sai takardar siminti da aka danne da dutse.

Tun daga nan na fara jin warin. Na san warin majema tun ina yaro, amma an cike ramukan nan shekara goma sha biyar da suka wuce. Wannan ɗanye ne, kamar yau aka buɗe ramin.

Na ratsa babban ɗakin, tsakanin kantocin littattafaina. Ƙofar ƙurya a rufe take. An zura ƙusa a marfin, daga waje.

Daga ciki ina jin kukan na'urar, tit, tit, tit, sawun ɗan mutum. Ƙarƙashinsa akwai wani sauti, kamar ana tsotsar ɓargo.

Na zare ƙusar.

Ƙudaje suka bugi fuskata. Hasken gilashin kaɗai ne a ɗakin, shuɗi, yana rawa. A gaban telebijin an jera ƙwarya huɗu. Hanji da tumbi ne a ciki, na yau a kan na jiya, na jiya a kan na makon jiya. Ta ƙarshen tana motsi da tsutsa.

Sodangi yana zaune a tabarma, sandar wasan a hannunsa. Idanunsa a rufe. Tsumman ya zame, yatsun sun zama jan nama, suna ta danna maɓalli da sauri irin wanda ban taɓa gani ga ɗan Adam ba.

Na kira sunansa. Bai buɗe ido ba.

Sai na ga abin da na ɗauka bargo ne a bayansa.

Ba bargo ba ne. Wani abu ne tsugune, ya lulluɓe shi ta baya, fari fat, jiƙe, babu gashi, kamar ƙirgin da aka tsamo daga rami. Hannuwansa sun bi saman hannuwan Sodangi har zuwa wuyan hannu, a nan suka ƙare. Ba shi da yatsu. Haɓarsa tana kan kafaɗar surukina, wani ruwa mai yauƙi yana zuba daga bakinsa cikin wuyan rigar.

Bai waiwayo ba. Ya yi magana da raɗa, da murya irin ta tsohuwa.

"Saura ƙofa guda, Malam. Zamna."

Ban zauna ba.

Na dubi batir. Taku biyu ne tsakanina da wayar. Na ɗaga ƙafa, sai na ji numfashi. Ba daga ƙirjin Sodangi yake fitowa ba, ƙirjin nan ko motsi ba ya yi. Daga telebijin yake fitowa, gajere, a wahale, irin na wanda ya yi tafiyar kwanaki.

Na dubi gilashin. Ɗan mutum yana tsaye gaban wata baƙar ƙofa, da mabuɗi a kansa. Ana tura shi gaba, yana turjewa. A tura shi taku biyu, ya ja da baya ɗaya.

Na gane inda surukina yake: cikin ɗan mutum ɗin nan. Na gane kuma in na fizge wayar, a can zai tabbata.

"Kashe mana," in ji abin, ya yi wata 'yar dariya cikin maƙoshi.

Taku uku ya rage a kai ɗan mutum baƙar ƙofar.

Sai maganar mahaucin nan ta faɗo mini, maganar da na raina jiya a gindin itace. Jan maɓalli.

Na'urar tana kan cinyar Sodangi, ƙarƙashin naman abin, inda ya zubo ya rufe ta.

Taku biyu.

Na fara Ayatul Kursiyyu. Na naɗe hannun rigata. Na cusa hannuna na dama.

Sanyi ne da shi. Ya shige kamar cikin ruɓaɓɓen kabewa, har gwiwar hannu. Wasu abubuwa ƙanana suna motsi a ciki, suna bin tsakanin yatsuna. Na lalubi katako, na lalubi waya.

Taku ɗaya.

Abin ya juyo da fuskarsa. Ba zan siffanta ta ba. Ya sa harshe ya lashi kunnena.

Na danna.

Gilashin ya yi fari, ya dawo. Ga ɗan mutum tsaye gaban 'yar bukkarsa ta farko, babu mabuɗi, babu komai. Sodangi ya ja numfashi da ƙirjinsa kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Na shure wayar batir. Ɗakin ya yi baƙi. Wani abu mai nauyi ya faɗi daɓ, ya fara jan jiki a ƙasa, ƙoren suna kifewa ɗaya bayan ɗaya. Na cafki wuyan rigar Sodangi da hagu, na ja shi a kan hanji da tsutsa, muka ratsa littattafai, muka faɗo waje. Ladan yana cewa hayya alal falah. A nan gindin dogon yaro, ni Hammadu, hedimasta na shekara goma sha tara, na durƙusa na yi amai a kan taswirarsu.

Sodangi ya rayu. Yatsun sun warke amma sun ƙage, bai sake riƙe allura ba. Yanzu albasa yake sarowa daga fadamar Danchadi, Rahamatu ce ke taka keken. Ba ya tuna komai, sai dai ba ya shiga ɗakin da ke da telebijin. Littattafaina ɗari uku da goma sha biyu na sa aka ƙone, don warin ya shige cikin takardun. Hannuna kuwa na wanke shi da sabulu, da toka, da lemun tsami, da ruwan rubutu. Mutane suna cewa ba sa jin komai. Ni ina ji.

Ranar Asabar na kira taron kwamiti, na sa Lawali a gaba. Bai yi musu ba. Ya ce tun mako na biyu ya lura ɗan mutumen yana gusawa in an bar ɗakin babu kowa da magariba, amma sandar tana kwana da yauƙi, tafiyar kuma ba ta nisa. Sai ya fara karɓar kayan ciki wajen Garba yana ajiye wa baƙon da ke wasan, yana cewa karensa zai ba. Da Sodangi ya yi gyangyaɗi a wurin wata yamma aka wayi gari an ƙetare gulbi, sai ya gane abin da baƙon ya rasa: yatsu. Daga ranar ya mayar da gadin magariba na Sodangi shi kaɗai, ya kuma samo ƙusa. Na tambaye shi ko ya ga yatsun. Ya ce ya gani, amma ƙofa biyu kacal suka rage a lokacin.

Bisa doka ta tara, wadda ta hana shigo da ƙazanta Ɗakin Karatu, na yanke masa hukunci. Zai haƙe daɓen ƙuryar da hannunsa har zurfin gwiwa, ya kwashe ƙasar a kansa zuwa bayan gari, ya binne na'urar a ciki, ya shafe ɗakin da farar ƙasa, ya kuma ba Rahamatu rago ɗaya da naira talatin.

Ya ce ya ji, ya karɓa. Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sai ya dawo ya sake durƙusawa, ya rage murya don kada sauran su ji.

"Ranka shi daɗe, kai kaɗai kag gane ta. Ƙofa ta bakwai ɗin, ta gabas anka bi, ko sai da fitila?"

Saboda wannan tambaya na mayar da tarar raguna biyu da naira sittin.