Rabin Kwanon Shinkafa

"Tofar da ita, Sumie! Na ce ki tofar!"

Ban tofar ba. Na haɗiye lomar ƙarshe idona cikin na Baba, na dire kwanon a kan tabarma. Baƙi ashirin da huɗu suka yi tsit, har da Mori mai injin katako da bakinsa ba ya rufuwa.

Bari in faɗi yadda aka kai ga nan, don har gobe Baba cewa yake ni na tozarta shi.

Mahaifina, Kyaftin Kurahashi, shi ya shigo da sojoji ɗari biyu da iyalansu wannan kwarin na tsibirin Hokkaido, aka sare daji aka raba gonaki. Da aka sallami rundunar ya ninke kakinsa ya shiga siyasa, amma muryar bai ninke ta ba. Ko ruwan wanka yake so sai ka rantse fareti ake yi. A lokacin kujerar majalisar tsibiri yake nema, saura kwana takwas zaɓe, shi ne ya tara masu ƙuri'a cin abincin rana.

Shiramka kuwa mai kula da dawakinmu ne, ɗan ƙabilar Ainu, mutanen da muka tarar a ƙasar muka tura su bakin kogi. Shekara biyu muna son juna. Duk gidan ba wanda ya sani sai Gwaggo Tane, ƙanwar Baba, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata.

Da giyar shinkafa ta fara aiki, Baba ya so a ga kirkinsa. Ya sa aka kira Shiramka daga barga, aka zaunar da shi a bakin ƙofa.

"Ku duba da kyau! Abokin hamayyata yana yawo da ni wai na zalunci mutanen nan. To ga ɗayansu a ɗakina, ɗan gida ne! Sumie, zuba masa farar shinkafa. Da hannunki za ki ba shi."

Shekara ashirin da biyar Baba yana ƙasar nan, bai taɓa tambayar ɗan Ainu ko yadda suke gaisuwa ba. Da ya tambaya, da ya san haka suke neman aure. Budurwa ta miƙa wa saurayi kwanon shinkafa a gidan ubanta, ya ci rabi ya mayar mata. In ta ajiye a gefe ta ƙi shi, in ta cinye magana ta ƙare.

Na zuba na miƙa masa. Ya daɗe yana kallon kwanon. Ya ci rabi daidai, sannan ya ɗago shi da hannu biyu.

"Sumie..." ya ce a hankali. "Ba dole."

Na karɓa na cinye tas, Baba yana ta ihu.

Ya miƙe har yana ture tulun giya.

"Kai! Sauran bakinka ka ba 'yata? A gaban baƙina?"

"Ranka ya daɗe, ba raini ba ne. Aurenta na nema a gabanka, yadda ubana ya nemi uwata."

"Ni kuma na amsa," na ce.

Mori ya kasa riƙe kansa. "Kyaftin, ashe baiko ka gayyace mu! Ai da ka faɗa mun zo da goma ta arziki!"

Wani ya yi dariya a hannun riga. Baba ya damƙi wuyan hannuna ya ja ni ɗakin ciki, ya ja ƙofar, wadda ta itace da takarda ce, da ƙarfi har takardar ta yage. Gwaggo ta biyo mu.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"A gidana? Da mai kwashe kashin doki?"

"Ɗazu ka ce ɗan gida ne, Baba!"

"Wannan siyasa ce!"

"To ni ba siyasa nake yi ba."

Ya ɗaga hannu, sai kuma ya sauke. Jijiyar goshinsa ta tashi.

"Za ki koma ki durƙusa a gabansu, ki ce ba ki san ma'anar abin ba. Ki ce kuskure ne. Shi kuma yau zai bar kwarin nan."

"Kuskurenka ne, ba nawa ba! Kai ka ce in ba shi da hannuna!"

"Yaya," in ji Gwaggo, "ka manta hunturun farko ke nan? Abinci ya ƙare, muna binne yara biyu-biyu. Wa ya tako ƙanƙara da busasshen kifi a bayansa? Uban yaron nan. Tukunya ɗaya kuka sa hannu, ranar ba ka ce sauran baki ne ba. Ƙanƙara na narkewa ka kafa allon sanarwa a bakin kogi, aka hana su kama kifin."

"Doka ce ta hana, ba ni ba!"

"Kai ka riƙe gudumar. Ina tsaye."

"Tane, fita!"

"Ba inda zan je. Ni ba sojanka ba ce."

Ya juyo kaina. Muryarsa ta sauka, kuma na fi tsoronta a haka.

"In kin taka ƙofar gidan nan, gobe zan je ofishin gari in soke sunanki daga littafin iyali. Ke kaɗai na haifa, na sani. Gara gidan Kurahashi ya ƙare a kaina."

Nan ne kukan ya ƙwace mini, kuma haushin kaina ya kama ni da na bari ya gani. Ina son uban nan nawa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

"Baba, ni ce fa... Ni ce nake gasa maka ƙafar da ta sha harsashi duk sanyi. Wata uku kana bin gida-gida kana roƙon mutane su zaɓe ka. Ni ma ƙuri'a ɗaya nake roƙo, taka... Ka zaɓe ni, Baba!"

Ya tsaya kamar zai yi magana. Daga zaure muka ji Mori yana kiran a ƙaro giya. Baba ya gyara wuyan rigarsa.

"Baƙi suna jirana."

Ya fita. Wallahi har na ji shi yana dariya da su.

Gwaggo ta ƙulle mini kaya a mayafi, ta cusa matajin mahaifiyata a ciki, ba ta ce in zauna ba. Shiramka yana tsaye a bakin shinge, hularsa a hannu.

"Hasken raina, na raba ki da ubanki... In kina so ki koma, ba zan riƙe ki a zuciya ba."

"Kada ka sake tambayata! Kama kayan nan mu tafi."

Baba ya ci zaɓensa. Ya kuma cika alkawari. Magatakardan ofishin gari ya gaya wa Gwaggo cewa ya riƙe alƙalamin har tawada ta bushe, sai da aka sake tsoma masa, amma dai ya ja layin.

Bayan shekara shida muka haɗu da Baba a kan gada, da rana tsaka. Yana bisa doki da baƙar hular 'yan majalisa, mutum uku suna biye da shi. 'Yata Haru ta ƙwace daga hannuna ta tsaya a tsakiyar hanya, ta haɗe rai tana kallonsa. Goshinsa ne sak, har da yadda take turo haɓa.

Ya ja linzami.

"'Yar wace ce wannan?"

"Jikarka ce, Baba."

Gemunsa ya yi fari fat. Leɓensa ya motsa. Ya dube ni, ya dubi Haru, sannan ya waiwaya ya dubi mutanen da ke bayansa.

"Ba ni da 'ya," ya ce, ya kauce mata ya wuce.

Na sungume ta. Ita kuwa ta leƙa ta kafaɗata tana bin sa da kallo.

"Inna, me ya sa tsohon nan yake kuka?"

"Ba kuka yake ba," na ce, ina goge nawa hawayen da ƙarfi. "Mu je gida, babanki yana jira."