Gwazar da Ba a Tonowa

Gwaza ce ta kai Surajo fadamar Faru ana dab da magariba, kuma ba shi ke kwaɗayinta ba, matarsa ce.

Surajo mahauci ne ɗan mahauta a Talata Mafara. Ka rufe masa ido ka miƙa masa tsoka, zai gaya maka ta sa ce ko ta raƙumi, ta yau ce ko ta kwana. Amma ka kai shi gona, to ka gama da shi. Shi duk abin da ya tsiro ya yi kore sunansa ganye, shi ke nan.

Matarsa Naja'atu kuwa ɗiyar manoma ce. Cikinta na fari ya tsufa, aka mai da ita gidan iyayenta a Faru goyon ciki, kamar yadda aka saba. Ran nan ya ɗaure ƙunshin hanta da ƙoda a bayan babur ya tafi dubo ta. Ya durƙusa a zaure gaban surukinsa Malam Bawa, kai a ƙasa, aka yi ta jan gaisuwa har ƙafarsa ta mutu. Aka kawo fura ya ce ya ƙoshi, alhali tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Kowa na jin kunyar surukai, amma ta Surajo ta wuce misali. Da ƙasa za ta yarda ta tsage duk sanda ya zo gidan nan, da tuni ya saba da cikinta.

Da ƙyar ya samu ganin matar a bayan rumbu.

"Gwaza nika so," ta ce a hankali. "Ta hwadamar Baba. Wallahi ko barci ban iyawa don ita."

"To ki hwaɗa mai mana."

"Ni? In dubi Baba da wanga ciki in ce ina kwaɗai? Kai dai ka biya in za ka gida, ka tono min, ka aje bayan darni. Amma ka duba ganye da kyau, don iri-iri ta. Wadda sandarta tak kama ganye ta tsakiya, ganyen ya sunkuya ƙasa, ita aka ci. Ta bakin tabki kuwa, mai sanda ɗaya..."

Sai aka ji tarin Inna Lantana, uwarta, tana tahowa da ƙwarya. Surajo ya zabura kamar an kama shi da hannu a tukunya. Bai tsaya jin ƙarshen maganar ba, ya bi ta ƙofar awaki ya fice. Ya so ya ari fartanya, amma wa zai tambaya, kuma ya ce don me? Ya taɓa wuƙar fawarsa a ƙugu, ya ce wannan ma ta isa.

Ya jingine babur a gindin wata kanya, ya gangara da ƙafa. Rana ta riga ta yi ja. Ƙasa na da laushi, tana tsotsar takalmi. Kwaɗi sun fara, sauro sun fara.

Da ya iso sai ya tsaya turus.

Shi a zatonsa gwaza gwaza ce. Ga shi nan gaban wata duniya ta ganye. Wani faffaɗa kamar faifai, raɓa na birgima a kansa ba ta jiƙa shi. Wani mai tsini kamar kan mashi, yana kallon sama. Wani siriri dogo, wani mai jan jijiya, wani sandarsa duk ƙaya. Can kan ruwan tabki kainuwa ta shimfiɗu, ƙananan ganyayenta a dunƙule. Me ma ta ce? Ta tsakiya? Ta sunkuya? Ya duƙa ya ɗaga wannan, ya juya wancan, haske na ƙara gudu, duk sai suka koma masa abu ɗaya. Komawa ya tambaya kuwa, gara a yanka shi.

Daga nesa aka kira sallar magariba. Ya ce a ransa bari dai ya gama.

Sai ya yi lissafin mahauta: dabbar da ta fi girma ita ta fi nama. Can a kusurwa, dab da ruwa, akwai wata tsaye ita kaɗai, ta kai masa ƙirji. Sandarta ɗaya ce tal, dabbare-dabbare kamar bayan maciji. A sama ganyen ya rarrabu ya bazu, tsaga-tsaga, kamar yatsun hannu. Ba a yi noma kusa da ita ba. Ciyawa ta kewaye ta, babu sawun mutum, babu na dabba. Manomi da ya ga haka zai ja da baya. Surajo murna ya yi, ya ce ga wadda aka manta.

Ya durƙusa, ya zare wuƙa, ya sare sandar a gindi.

Ta faɗi a hankali, da wani ɗan huci.

Kwaɗi suka yi tsit.

Ya lura, amma ya ci gaba da tono. Wuƙa ta taɓa abu. Ya zura hannu biyu ya ciro wani ƙaton curi mai nauyi. Da ɗumi. Irin ɗumin hantar da aka ciro yanzun nan daga cikin saniya.

Sai wari ya taso.

Surajo ya san warin nama. Ya san na saniyar da ta mutu a rana, ya san na kayan cikin da suka kwana. Wannan ruɓaɓɓen nama ne, babu shakka. Amma hancinsa ya laluba duk dabbobin da ya taɓa feɗewa, bai samu mai shi ba.

Aka yi tari a gefensa.

Wata tsohuwa ce a tsugune, ta ɗan ba shi baya. Ta kare fuskarta da wani faffaɗan ganye, yadda mace ke jan mayafi in surukinta ya shigo. Kada ka ce tsoro ne ya fara kama Surajo. Kunya ce. Ya ɗauka Inna Lantana ce ta biyo shi, ta same shi yana sata a gonar mijinta. Ya ajiye wuƙa, ya gyara durƙuso, ya sunkuyar da kai.

"Inna, barka da marece."

"Barka kadai," aka amsa, can ƙasa-ƙasa. "Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina mutanen Mahwara?"

"Suna lahiya."

Muryar ba daga bayan ganyen take fitowa ba. Kamar daga cikin ruwa take tasowa. Da yake kansa a ƙasa yake, ƙafafunta ya fara gani. Ba a kan gaɓa take ba. A kan kainuwa take tsugune, tsakiyar ruwa, kuma ko ganye ɗaya bai nutse ba.

Muryar ta sake tasowa.

"Don wa kat tono?"

Sunan Naja'atu ya zo masa har bakin leɓe. Abin da ya tare shi ba dabara ba ce, ba kuma jarumta ba. Yaya zai buɗe baki gaban tsohuwa ya ce kwaɗayin matarsa ne ya aiko shi tono a gonar ubanta?

"Don kaina, Inna."

Ruwa ya ɗan motsa. Bai ga ta taso ba, amma yanzu tana bakin gaɓa.

Ya ji tana shinshina. A hankali, daga kafaɗarsa zuwa hannun riga, wajen da Naja'atu ta riƙe shi ɗazu.

"Mutum biyu nika ji ga rigarka," ta raɗa. "Babba, da ƙaramin da bai iso ba. Ba ta da suna, babbar?"

A nan ne ya gane abin da ake nema.

"Don kaina na," ya ce.

"To, ci."

Ya dubi curin da ke hannunsa. Yana nan da ɗuminsa.

"In naka na, ci."

Ya gatsa.

Kamar ya tauna allurai. Ƙaiƙayi ya kama harshe, ya bi dasashi, ya gangara maƙogwaro. Hawaye suka zubo. Yawu ya dalalo masa a gemu.

"Don wa?"

Ya sake gatsa.

"Suna kawai. Ka hwaɗi, ka huta."

Harshensa ya kumbura ya cika baki. Ya so ya yi ta'awwuzi, sautin ya ƙi fita. Ya yi a zuci. Numfashinsa ya koma fito.

Warin ya matso har fuskarsa.

Ganyen da ta kare fuska da shi ya fara sauka. A hankali. Ya ga gefensa na ƙasa yana gangarowa, yana rawa.

Surajo bai ɗaga kai ba. Bai taɓa duban tsohuwa ido cikin ido ba, ba a yau zai fara ba. Ya runtse ido, ya yar da curin, ya juya ya zura a guje.

Ganyaye suka yi ta marinsa. Masu ƙaya suka kama wando. Laka ta ƙwace takalmi ɗaya, ta ƙwace ɗayan. A bayansa babu sawun gudu, babu komai, sai raɗa dab da kunnensa, ba ta nisa ba ta kusa.

"Don wa? Don wa?"

Ya wuce babur bai ko kalle shi ba.

Malam Bawa na zaune kan buzu yana jan carbi sa'ad da surukinsa ya faɗo zaure. Babu hula, babu takalmi, laka har wuya, leɓe ya kumbura kamar an yi masa harbin zuma. Wandonsa kuma a jiƙe, kuma duk wanda ke da hanci ya san ba ruwan tabki ba ne kaɗai. Surajo ya so ya mutu a wurin. Duk abin da ya yi ta gudu tun ranar ɗaurin aure, yau ga shi ya same shi gaba ɗaya.

Tsohon ya haska fitila, ya shinshina hannunsa, ya saki carbi. Ya kama haɓar Surajo ya ɗaga, abin da bai taɓa yi ba, ya dube shi tsakiyar ido.

"Ka hwaɗi suna?"

Surajo ya girgiza kai.

"Ko da rabi? Ko da laƙabi?"

Ya sake girgizawa.

Malam Bawa ya zauna daɓas. Ya yi ta hamdala. Sannan ya ƙwala wa Inna Lantana kira ta kawo nono da man shanu, ya tallabe kan surukinsa a cinya yana ɗura masa da ludayi kamar jariri, uwar matarsa na riƙe da fitila tana kallo.

"Wagga kusurwa ba tamu ba ta," ya ce. "Tun kakanni haka munka iske. Ana noma har kusa, a bar mata tata. Wanda yat tono, tana tambaya tai don wa, kuma sunan da anka ba ta shi taka bi. Ƙanena ya taɓa ce mata don uwarmu. Uwarmu ba ta ga kakar shekarar ba." Ya share wa Surajo baki da gefen rigarsa. "Yaro, da ka tambaye ni, da kaina zan cika ma buhu."

Wannan maganar ta fi ƙaiƙayin zafi.

"Kuma ka riƙe wanga," tsohon ya ƙara, ya rage murya. "Ta yi tambaya ba ta samu amsa ba. Ka ci nata, kunnenta na cikin bakinka. Ba ta gajiya da jira."

Kumburin harshe ya sace bayan 'yan kwanaki. Naja'atu ta sauka lafiya, aka samu ɗiya mace, aka raɗa mata Surayya. Malam Bawa ya bi Faru yana yabon surukinsa, namijin da ya tauna wuta don ya kare iyalinsa. Duk inda aka faɗa, sai Surajo ya ji kamar ana tuɓe shi a kasuwa. Shi ya san abin da ya riƙe masa harshe da farko, kuma ya san shi da kansa ya kai su bakin ramin.

Tun daga daren nan, sunan matarsa bai sake fita daga bakinsa ba, na ɗiyar kuwa bai taɓa fita ba. Mutane ba su ga abin mamaki ba, ai ɗiyar fari ce, ana kunyarta.

Wata damina, Surayya ta fara tafiya. Ana gab da magariba ta sulale daga gida, tana dabo-dabo, ta nufi kududdufin da ruwan sama ya tara a bayan layinsu. Surajo na dawowa daga kasuwa ya hango ta. Tana nesa da shi, tana kusa da ruwa. Kira ɗaya zai sa ta waiwayo. Ya buɗe baki.

Ƙaiƙayi ya taso masa a maƙogwaro. Kwaɗin kududdufi suka yi tsit.

Ya rufe bakinsa, ya yar da tiren nama, ya ruga. Ya cafke ta ƙafarta ɗaya na cikin ruwa.

Maƙwabciyarsu Baraka, da ta fito da gudu ita ma, ta dafe ƙirji, sannan ta fashe da dariya.

"Kai, Surajo! Ɗiya za ta hwaɗa ruwa, amma kunya ta hana ka kiran sunanta? Wagga kunya taka sai ta kashe mutum!"

Matan layi suka taya ta. Surajo ya sunkuyar da kai ya bar su suna dariya. Ya rungume ɗiyarsa ya juya, bai waiwaya ba. A bayansa, can tsakiyar ruwa, ya ji an yi ajiyar zuciya a hankali, irin ta wanda bai samu yau ba amma gobe ma zai zo.