Zanen da Ke Kan Sitiyari

Bayan Azahar aka bugo wa Sufeto Mattola waya: an tsamo gawa a bakin ruwan Bira.

Rustam ne, ɗan Daeng Nompo mai jirgin ruwa. Sun huda goshin jirginsu sun zura bututu, suka sa ƙaramar farfela mai tura jirgi gefe. Rustam ya nutse yana ɗaure ta, sai ta tashi ta riƙe masa hannu har numfashinsa ya ƙare.

Sufeto ya fara da Jufri mai haɗa wuta. "Wa ya jona batirin farfelar?"

"Wallahi ko taɓa shi ban yi ba, Yallaɓai."

Sufeto ya shafa kan batirin, ya nuna masa ɗanyen giris a yatsa. "Wannan fa, aljani ne ya shafa?"

Jufri ya rushe da kuka. "Ni na jona, ni na gwada. Amma babu zane a sitiyari!"

Haka ake yi a Bira, inda maza ke ɗaura zane. Mai shiga ƙarƙashin jirgi yakan ɗaure zanensa a sitiyari, kuma muddin zanen na nan, babu mai taɓa komai.

"Ƙarya yake," in ji Daeng Nompo, kansa a ƙasa. "Zanen na nan, da idona na gani."

To wa zai ƙaryata uban da gawar ɗansa ke gabansa? Aka sa wa Jufri ankwa.

Sufeto dai hankalinsa bai kwanta ba. In zanen na nan, ina ya shiga? Aka birkice jirgin kaf, babu. Sai ya hango wando a kan igiya, baƙi ƙirin da man inji. Ya juya ya dubi tsohon. Zanen da ke ƙugunsa ya yi masa tsawo, har yana jan ƙasa.

"Daeng, Rustam dogo ne, ko?"

Tsohon ya sulale ya zauna.

"Mai ne ya ɓata min wando, ga ladan yana kira. Na ce in ari zanensa in yi sallah, yanzu zan mayar." Ya damƙe gefen zanen. "Yallaɓai, a sujadar ma shi nake yi wa addu'a."

Kaico! Sufeto ya kwance Jufri, ya jefa ankwar cikin aljihu, don bai ga me za ta ƙara wa tsohon ba.

Ya kama hannunsa suka nufi mota, zanen yana share yashi a bayansu.