Jirgin da Ya Sauka Kan Toka

Ku rage fitilar nan. Ke Uwani, sakar mini zane, ban ma fara ba kin soma rawar jiki.

Kun san tsohon filin jirgin nan na bayan gari, ta hanyar fadama. Da ba kufai ba ne. Ƙananan jirage ke sauka a wurin, masu feshin jan-baki, tsuntsayen nan da ke cinye wa manoma shinkafa. Mai gadin filin shi ne Baba Nomau, ƙanen kakarmu. Daga bakinsa na ji wannan, kuma bai gaya mini don daɗi ba.

Aikinsa ba wuya. Ya kori awaki, ya cike ramuka, ya gyara dogon buhun nan da ake ratayawa a sanda don matuƙi ya ga inda iska ta nufa. In ciyawa ta yi tsawo kuma, ya ƙone ta.

Sai dai ƙona ciyawa a wurin yana da ƙa'ida. Tun kafin a kewaye filin da waya akwai masu shi, waɗanda ba a gani. Sai ka zagaya da yamma kana tafa hannu, kana cewa da ƙarfi, "Masu wuri, gobe akwai wuta, a kwashe yara." Ka bari a kwana. Sannan ka ƙyasta ashana. Shekara da shekaru Baba Nomau bai taɓa tsallake wannan ba.

Rannan sai ga ma'aikatan feshi daga birni, samari, sun sauke durom-durom na magani, sun baje a rumfa. Babbansu ya ce jirgi zai sauka gobe da sassafe, ciyawar nan kada ta kwana.

Baba Nomau ya tafi bakin fili. A ransa ya ce ko ba za a kwana ba, bari dai ya yi shelar, ya ɗan jira. Ya ɗaga hannu zai tafa. Sai ya ji samarin sun fashe da dariya a rumfa. Wataƙila ma ba da shi suke ba. Amma kunya ta kama shi. Babba da shi, gemu ya soma fari, ya ji kunyar yara su ji shi yana magana da ciyawa.

Ya sauke hannu. Ya ƙyasta ashana shiru.

Wuta ta tashi, iska ta kwashe ta. Can cikin ƙarar wutar ya ji wani ɗan siririn kuka. Ya tsaya. Ya ce wa kansa zomo ne.

Da magariba samarin suka shiga gari neman abinci. Ya rage shi kaɗai, yana alwala a bakin rumfa. Fili ya yi baƙi ƙirin, toka tana hayaƙi.

Sai ya hango mace tana tahowa ta tsakiyar tokar. Ba takalmi. Tana takawa, toka ba ta tashi. Ta rungume wani abu a ƙirji, naɗe da zane.

Ta tsaya a gabansa. Sallamarta kuwa ta bayansa ya ji ta.

Ya amsa, buta a hannunsa.

Ta ce, "Bawan Allah, kai ne mai filin nan?"

Ya ce, "Mai gadi ne dai, baiwar Allah."

Ta ce, "Ɗiyata ce ta ƙone. Barci take a gindin ciyawa. Ba a yi mana shela ba."

Wani ɗan hannu ya leƙo daga cikin zanen. Baba Nomau ya ce mini sau ɗaya ya kalle shi, kuma har yau in ya rufe ido shi yake gani.

Ta ce, "Mai maganin yana nesa. Mun kira a zo a ɗauke ta. Amma tun da kuka kafa waya, namu jirgin ba ya sauka sai ɗan Adam ya ba shi izini. Taimake ni. Numfashinta yana ƙarewa."

Bai san lokacin da ya ajiye butar ba. Ya shiga fili, zafin toka yana ratsa takalminsa. Ya ɗaga hannu biyu sama. Ya ce, "Bismillah, a sauko."

Gyare suka yi tsit. Buhun iskar nan ya miƙe, bakinsa ya dubi sama.

Ku matso, ba zan ɗaga murya a nan ba.

Ba ƙara. Ba fanka, ba taya, ba taga. Wani abu ne mai faɗi kamar an kife faifai, ya rufe jan sararin magariba. Jikinsa saƙa ce, tana buɗewa tana rufewa a hankali, yana numfashi. Bai yi gudu a kan fili ba irin na jiragenmu. A tsaye ya sauko, ya tsaya dab da toka bai taɓa ta ba. Ƙarƙashinsa ya tsage. Wasu dogayen hannuwa suka miƙo, suka karɓi yarinyar a hankali.

Matar ta ɗora ƙafa za ta shiga. Sai ta juyo.

Ta ce, "Ka san wanda ya kunna wutar?"

Kwalin ashana yana aljihunsa. Yana jin sa a jikin cinyarsa.

Ya ce, "Ban sani ba."

Ta ce, "Na san dai ba kai ba ne. Kai kullum kana faɗa mana. Yarinyar nan ta san tafinka. Da ta ji shi, ita ke fara rugawa ta gaya wa sauran."

Ya buɗe baki. Wallahi ya ce mini ya buɗe baki zai faɗa. Tsoro ya riƙe masa harshe.

Ta shafa bayan hannunsa, yatsunta sanyi ƙalau. Ta ce, "Ba ni da abin ba ka sai wannan. Daga yau wuta ba za ta ci ka ba."

Saƙar ta rufe. Abin ya ɗaga. Gyare suka ci gaba da kuka.

Kyautar kuwa ta kama. Ni da idona na ga ya ɗauki garwashi ya juya shi a tafin hannu, ko tabo babu. Kai Sagiru, kar ka ce ya ji daɗi. Ranar da ya nuna mini, kuka yake. Ya ce ya sha cusa hannu cikin murhu idan ba kowa, yana so ko sau ɗaya ya ji abin da yarinyar ta ji. An hana shi. Na tausaya masa, kuma na ji haushinsa, duka a lokaci guda.

Jiragen feshi sun daina zuwa, waya ta rube, ba wanda ya ce ya ci gaba da gadi. Amma duk magariba sai ya tafi. Ya tsaya a tsakiyar fili, ya ɗaga hannu, ya ce, "Ni ne. Ni na kunna." Ba a taɓa amsa masa ba.

Don haka kada wanda ya bi hanyar fadamar nan shi kaɗai in rana ta faɗi. In kuma an aike ku a tare, kuka hango shi tsaye, ku wuce shiru, ko gaisuwa kada ku yi. Ba ku yake jira ba. Jira yake a zo a gaya masa ko yarinyar ta rayu.